Motar China da hukuncin bakanike

Idan mutum ya tara kuɗin mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ba injiniya yake fara tuntuɓa ba, bakanikensa yake nema. Ya ce masa ga wata jif ya gani sabuwa dal, ko leda ba a cire wa kujerunta ba, kuma kuɗinta bai yi nisa da na Toyota 'yar Kwatano wadda ta sha shekaru a hannun wani Ba'amurke ba. Bakanike zai goge hannu da tsumma ya tambaya wace iri ce. Da ya ji ta China ce, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "Alhaji, in ta lalace wa zai taɓa maka ita? In ka tashi sayarwa wa zai saya?"

A lura, bai ce motar ba ta da kyau ba. Bai buɗe bonet ɗinta ba, wataƙila ma bai taɓa ganin irinta ba. Abin da ya yanke wa hukunci shi ne abin da ke bayan motar: kayan gyara, hannun da ya san ta, da kasuwar da za ta karɓe ta bayan shekara biyar. A ganina duk gardamar da ake yi a kan motocin China tana cikin wannan tazarar. Masu yabo suna maganar motar da ke ɗakin nuni, masu kushe suna maganar motar da za ta kwana a gareji. Kowa yana da gaskiyarsa, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Mugun sunan dai ba ƙage aka yi musu ba, su suka jawo wa kansu. A 2005 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta ɗauki wata jif mai suna Landwind, ɗaya daga cikin motocin China na farko da suka shiga Turai, ta gwabza ta da shinge a gudun kilomita 64 cikin awa. Gaban motar ya naɗe ya cimma direba, sitiyari ya taso wajen kan mutum-mutumin gwaji. Bayan shekara biyu aka yi wa Brilliance BS6 irin wannan gwajin, ta tsira da tauraro ɗaya tak cikin biyar. Hotunan suka zagaya duniya. A 2012 kuma aka gano sinadarin asbestos mai jawo cutar huhu a gasket ɗin motocin Great Wall da Chery fiye da dubu 20 da aka sayar a Ostareliya.

Ga kuma kwaikwayo, wanda ya fi komai zubar musu da mutunci. Ƙaramar Chery QQ ta 2003 ta yi kama da Daewoo Matiz har kamfanin General Motors ya kai ƙara, aka sasanta a 2005. BYD F3, motar da ta fara fito da sunan BYD, in ka hango ta daga gaba sai ka rantse Corolla ce. Landwind X7 kuwa Range Rover Evoque aka ɗauko aka sauya mata tambari, har wata kotu a birnin Beijing ta ba kamfanin Jaguar Land Rover gaskiya a 2019, ta hana ci gaba da sayar da ita. Mu a nan ba mu buƙaci labarin Landwind ba. Mun riga mun sha wuya a hannun tocila da caza da wayar salula masu mutuwa cikin mako, har kalmar "ɗan China" ta koma ma'anar jabu a bakin 'yan kasuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai yayin da duniya ke dariya, wani abu yana gudana a cikin masana'antun. A shekarun 1980 gwamnatin Sin ta gindaya wa kamfanonin waje sharaɗi: duk mai son ƙera mota a ƙasar sai ya yi tarayya da kamfanin gida, kuma dokar 1994 ta ce rabon baƙo ba zai wuce rabi ba. Volkswagen ya shiga Shanghai a 1984 da motar Santana. Peugeot ya buɗe masana'anta a Guangzhou a 1985 yana haɗa 504 da 505, irin waɗanda muka sani daga masana'antar PAN ta Kaduna. Wancan kasuwancin ya durƙushe a 1997, Honda ya karɓi wurin, daga baya Toyota ma ya zo birnin. Abokin tarayyarsu na gida shi ne GAC, wanda motocinsa ne ke yawo a Legas yau a tsarin tasi na LagRide da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2022. Wato shekara da shekaru ma'aikatan Sin suna ƙera Honda da Toyota da Volkswagen da hannunsu, bisa ma'aunin masu su. Kamfanonin da ke yi wa waɗannan manya birki da gilashi da kujeru, su ne kuma ke yi wa na gida. Mu da muka fara haɗa Fijo a Kaduna tun 1975, shekara goma kafin Guangzhou, wannan tarihi yana da ɗaci, amma wannan maganar wata rana ce.

Abin da ba su iya koya ba sai suka saya. Li Shufu, mai kamfanin Geely, da kayan firji ya fara a 1986, ya bi ta babura kafin ya fitar da motarsa ta farko a 1998. A 2010 ya sayi Volvo daga hannun Ford a kan dala biliyan 1.8, kamfanin da duniya ta sani da tsaron lafiyar fasinja. Mutane da yawa sun zaci Volvo zai lalace. Akasin haka aka gani: injiniyoyin Suwidin suka zauna da na China suka zana ginshiƙin da ake ɗora motocin kamfanonin biyu a kai. Tambarin MG na Ingila ya koma hannun 'yan Sin a 2005, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin SAIC na Shanghai. BYD ya ɗauko Wolfgang Egger, wanda ya shugabanci sashen zane a Audi, ya damƙa masa fasalin motocinsa.

Sakamakon ya fito a wurin da aka fara kunyata su. A 2013 wata mota mai suna Qoros 3 ta samu taurari biyar a gwajin Euro NCAP, ma'aunin da Turai ta fi yarda da shi. A 2022 MG4 da BYD Atto 3 suka samu biyar-biyar, kuma tun daga nan abin ya daina zama labari. Adadi ma ya bi sahu. A 2009 Sin ta zama kasuwar mota mafi girma a duniya. A 2023 ta ƙera motoci sama da miliyan 30, ta fitar da kusan miliyan 4.9 zuwa waje, ta sha gaban Japan. Martanin manyan ƙasashe ya fi kowane talla bayyana inda aka kai: a 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan motocin lantarki na China, Tarayyar Turai ta ƙara wa BYD kashi 17, Geely kashi 18.8, SAIC kashi 35.3, a kan kashi 10 da ake biya tun asali. Hujjar Turai ita ce tallafin da gwamnatin Sin ke ba kamfanonin. Ba wanda ya ce motocin ba su da kyau. Da tarkace ne, da ba a sha wahalar tare musu hanya ba.

To amma a nan ne mai saye a Afirka ya kamata ya buɗe ido, domin taurarin Turai ba lalle su biyo mota zuwa tashar Apapa ko Kwatano ba. A 2017 ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu. Chery QQ3 ta tashi ba tauraro ko ɗaya. A 2020 a-kori-kurar Great Wall Steed 5 ita ma ta tashi da sifili. A ƙarshen 2023 MG5 da ake sayarwa a Ostareliya ta samu sifili, shekara ɗaya kacal bayan 'yar uwarta MG4 ta cinye taurari biyar a Turai. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya gani: ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da fasinja, yawan balan-balan ɗin kariya, na'urar da ke hana mota zamewa a kwana. Inda doka ta tilasta, ana sakawa. Inda ba ta tilasta ba, ana cirewa a rage farashi, a bar maka katon allo da fitilu masu ƙyalli.

Kada kuma a ɗauka wannan hali na 'yan Sin ne kaɗai. Nissan NP300 Hardbody, wadda aka daɗe ana sayarwa a Afirka, sifili ta samu a irin wannan gwajin a 2018. Ta ɗaya ɓangaren, Dacia Spring mai tambarin Turai a China ake ƙera ta, ta samu tauraro ɗaya a 2021, alhali Tesla da ake fitarwa daga Shanghai zuwa Turai tana cikin waɗanda suka fi maki. Ƙasa ɗaya ce ke fitar da su duka. Shi ya sa tambayar "motar China tana da kyau?" ba ta da amsa, kamar ka tambaya ko shinkafar kasuwar Dawanau tana da tsakuwa. Wane buhu, daga hannun wa? Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san yadda abin yake: mai masana'anta zai tambaye ka nawa za ka biya, sannan ya yi maka kaya daidai kuɗinka. Rabin jabun da muke zagin China a kai, namu ne suka je suka ce a yi musu shi haka.

Sai maganar ƙarko, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce babu ɗakin gwajin da zai iya yanke ta. Gwajin haɗari yana ɗaukar ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙarko kuwa sai an ga mota ta yi shekara goma sha biyar tana zirga-zirga tsakanin Kano da Maiduguri cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu, tana shan man bumburutu, ana yi mata juye in an tuna. Corolla ta 2005 ta ci wannan jarrabawar a gaban idon kowa. Injinta ba shi da tarkace, giyarta mai sauƙi ce, yaron gareji ɗan shekara sha biyar zai iya kwance ta ya mayar. Yawancin jif-jif ɗin China na yau ƙaramin inji ne mai lita 1.5 da aka ɗora wa turbo, da giya mai kuloci biyu ko mai bel, ga na'urori masu auna komai birjik. Irin wannan haɗi yana ba da ƙarfi da tsimin mai, amma yana son mai mai tsabta da baƙin mai na ƙwarai a kan lokaci, kuma giya mai kuloci biyu ba ta son cunkoson da ake tafiya taku-taku cikin zafi. Wannan ba aibin China ba ne, haka sababbin motocin Turai suke. Bambancin shi ne mafi yawan motocin China na wannan zubin ba su kai shekara goma a duniya ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ɗan abin da aka fara gani a ƙasashen da suka riga mu kuma gauraye yake. A binciken da mujallar What Car? ta Ingila ta yi wa masu motoci a 2024, MG ce ta zo ta ƙarshe wajen rashin ba da matsala. Koke-koken da aka fi ji a kan motocin China a Turai da Ostareliya ba na bugawar inji ba ne, na lantarki ne da manhaja: allo ya daskare, na'urar gargaɗi ta dami direba da ƙara ba dalili, sai kuma jiran kayan gyara na makonni bayan ɗan ƙaramin karo. Akwai dalili. Kamfanin Japan ko Jamus yakan ɗauki shekara huɗu ko biyar kafin ya fitar da sabuwar mota, na China yakan yi a shekara biyu ko ƙasa da haka, yana dogaro da gwajin kwamfuta, ya bar sauran gyara ga manhajar da za a turo ta intanet. Wannan saurin shi ya ba su galaba, shi ne kuma ke sa masu sayen farko su zama zakarun gwajin dafi.

A motar lantarki labarin ya sha bamban, domin a nan ba su zo a makare ba. BYD kamfanin batir ne tun 1995, sai a 2003 mai shi, Wang Chuanfu, ya shiga harkar mota, kuma a 2022 ya daina ƙera mota mai amfani da fetur zalla. Kamfanin CATL na birnin Ningde shi kaɗai yana samar da sama da kashi ɗaya cikin uku na batiran motocin lantarki a duniya, har Tesla da BMW suna saye a wurinsa. Birnin Shenzhen ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da dubu 16 na lantarki tun ƙarshen 2017, wato akwai shekarun aikin haya da za a duba, ba alkawari ba. Ƙasar Habasha, mai wutar madatsun ruwa, ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024. A wurinmu dai, mai shirin cajin mota sai ya fara shawara da janareto.

Akwai wani haɗarin da mai saye ba ya tunawa da shi: mutuwar kamfanin da kansa. Tun farkon 2023 ake yaƙin karya farashi a cikin China, masana'antu sun fi masu saye yawa, tambura sun haura ɗari. WM Motor ya durƙushe a 2023, HiPhi ya tsayar da aiki a farkon 2024, Jiyue ya rushe a ƙarshen shekarar, Neta wanda ya riga ya bazu a Tailan ya shiga shari'ar fatara a 2025. Tsohuwar Fijo in kamfaninta ya tafi, kasuwar kayan gyara ta Panteka a Kaduna na nan. Motar da rabin aikinta ke rataye da manhaja kuwa, in kamfanin ya rufe, wasu abubuwan cikinta sukan mutu tare da shi. Matsin ya kai ga masu yi wa kamfanonin kayan haɗi, waɗanda ake tilasta wa rage kuɗi ana kuma jan biyansu watanni, har a watan Yunin 2025 manyan kamfanonin suka fito suka yi alkawarin biya cikin kwana 60. A watan Mayun shekarar Wei Jianjun, shugaban Great Wall, ya yi gargaɗi a fili cewa masana'antar na ɗauke da irin cutar da ta kayar da Evergrande, katafaren kamfanin gidajen nan. In ana matse mai yin roba da waya haka, a wani wuri za a rage, kuma ba a ranar saye ake ganewa ba.

Mu kanmu muna da misalai biyu a kan titunanmu, kuma sun saɓa wa juna. Akwai lokacin da babur ɗin Jincheng na China ya mamaye harkar acaɓa a Arewa saboda araha, ya kori tsofaffin baburan Japan. Da Bajaj Boxer na Indiya ya zo, 'yan acaɓa suka auna shan mai da juriya da laushin kujera, suka koma can ba tare da kowa ya yi musu wa'azi ba. Araha ta buɗe ƙofa, amma ba ta riƙe gidan ba. Misali na biyu shi ne Howo ta kamfanin Sinotruk. Direbobin da suka saba da DAF da MAN da Mack 'yan Beljiyam sun raina ta da farko. Yau ka tsaya a hanyar Kaduna zuwa Zariya ka ƙirga tifofi da tireloli. Ba don ta fi DAF ƙarfi ba ne. Dangote ya saye su da dubbai don jigilar siminti, har ya yi tarayya da kamfanin suka buɗe wurin haɗa su a Legas. Da suka yi yawa, sai kayan gyara suka cika kasuwa, makanikai suka koye ta dole, mai tifa ya san in ta tsaya da safe zai tashe ta kafin la'asar. Haka ƙananan bas irin su Jinbei, wadda ta faro da lasisin Toyota Hiace, suka samu shiga, domin bakanike yana ganin abin da ya riga ya sani.

Wannan shi ne abin da ƙananan motocin China ba su samu ba tukuna. Akwai dilolin da ke tsaye a bayansu, CIG da GAC, Mikano da Changan, Elizade da JAC, amma ƙarfinsu yana Legas da Abuja. Wanda motarsa ta ƙi tashi a Gusau ko Damagaram, garantin da ke rubuce a takarda ba zai hana shi ɗora ta a kan babbar mota ba. Dogon garanti dabara ce da ta taɓa aiki: Hyundai ya shiga Amurka a 1986 da motar Excel wadda ta zama abin ba'a, ya wanke sunansa da garantin shekara 10 daga ƙarshen shekarun 1990, kamar yadda Toyota ya sha kunya da Toyopet Crown a can a 1958 kafin ya gyara. Chery ya bi wannan sawu da ya koma Afirka ta Kudu a 2021, ya ba injinsa garantin shekara 10 ko kilomita miliyan ɗaya, kuma kasuwa ta karɓe shi. Sai dai wannan alkawari na mai saye na farko ne. A ƙasar da yawancin mutane hannu na uku ko na huɗu suke saye, darajar mota tana wurin dillali, shi kuwa dillali yana sa mata kuɗi ne gwargwadon saurin da zai rabu da ita.

Abin da zai sauya lissafin ya riga ya taso. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023, kuɗin 'yar Kwatano ya ninka, tazarar da ke tsakaninta da sabuwar motar China ta ragu. A 2019 gwamnatin Sin ta halatta fitar da motocin da aka yi amfani da su zuwa waje, kuma sitiyarinsu a hagu yake kamar na Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ba sai an juya shi ba kamar na Japan. Ƙasar da ke sayar da motoci sama da miliyan 20 a cikin gida kowace shekara, tsofaffinta dole su nemi wurin zuwa. Wasu sun fara isowa ta hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu, ba dila ba garanti, allon gabansu da rubutun Sinanci, na lantarkin cikinsu da bakin caji irin na China wanda bai dace da na Turai ba. Waɗannan ne, ba masu ƙyalli na ɗakin nuni ba, za su fara shiga hannun makanikan Ƙofar Ruwa da Panteka, kuma abin da suka tarar a cikinsu shi za su gaya wa Alhaji na gaba da ya zo neman shawara.